Akori-kurar Baba: littafin aikin tayar da Fijo 504

Asabar, 7 ga Satumba, 2024

Yau muka janyo ta. Shekara 11 tana tsaye a gindin dalbejiyar ƙofar gidanmu a Tudun Wadar Kaduna, tayoyi huɗu duk sun nutse a ƙasa, kaji sun mayar da bayanta akurki. Peugeot 504 ce akori-kura, fara, haɗin Kaduna, wadda Baba ya saya a 1992. Da ita ya yi ta jigilar masara daga Saminaka, rake daga Makarfi, citta daga Kachia, har muka yi karatu mu bakwai. A 2013 injin ya buga, ƙafar Baba ma ta fara ciwo, sai aka ture ta gefe.

Da muka ɗaura mata igiya Baba ya fito da sandarsa ya tsaya a soro. Ya ce, "Panteka za ka kai ta a yanka?" Na durƙusa na ce, "A'a Baba, gyara zan yi." Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "To kada ka ɓata mata fuska." Wannan maganar ita ce dokar aikin nan gaba ɗaya.

Ga abin da nake nufi. Na jima ina kallon yadda mutanen Amurka ke ɗaukar tsofaffin akori-kura irin su Ford F-100 da Chevrolet C10 na 1967 zuwa 1972, su bar jikin yadda yake, su zuba masa sabon inji da birki da sitiyari na zamani. Aikinsu yana burge ni, amma yawanci motocin nasu na kwalliya ne, an saukar da su har suna shafar ƙasa, ba wanda zai ɗora musu buhu ko ɗaya. Ni ba haka nake so ba. Ina so ta tashi da bugu ɗaya da asuba, ta tsaya in an taka birki, ta ɗauki kaya kamar da.

Asabar, 21 ga Satumba, 2024

Mun kwance ta tas. Ogan garejin tsohon hannu ne a Fijo, tun yana yaro yake ƙarƙashinta, ko da ido rufe ya san sifanar da kowane noti ke so. Ya sa yaransa sun zuba kowane rukunin ƙusoshi a gwangwanin madara daban, ni kuma ina bi ina rubutawa da alli.

Tsatsa ta ci daɓen wajen ƙafar direba har ana hango ƙasa, ta ci gindin ƙofofi biyu da mazaunin batir. Wannan bai tayar min da hankali ba. Abin da ya sa jikina ya yi sanyi shi ne wajen da kan motar ya haɗu da ƙarafan baya. Akwai tsagewa a ɓangaren dama, tsawon yatsa, an taɓa liƙe ta da walda sama-sama aka shafe da baƙin fenti. Oga ya ce lodi ne. Mota ce ta ɗaukar tan ɗaya da 'yan kai, amma a zamaninta ana ɗora mata ninkin haka, a ƙara da mutane a saman kaya. An ma ƙara mata falle uku a sifirin ɗin baya don kada ta durƙusa. Sifirin ya jure, ƙarfen da ke riƙe da shi ya biya bashin.

Duk da haka, da aka wanke ta da ruwan matsi na ga ƙarfen ainihi, sai na gane dalilin da ya sa ta yi suna. A 1968 aka fara fitar da 504 a Faransa, a 1969 ta ci kambun motar shekara ta Turai, a 1975 ta lashe gasar tseren motoci ta Safari a Kenya. A shekarar ce kuma masana'antar Fijo da ke Kakuri a Kaduna ta fara haɗa motoci, kuma ta ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, lokacin da Turai ta daɗe da mantawa da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Makonni uku muna gardamar inji.

Wani abokina ya dage sai na sa inji mai silinda takwas, wato V8, na Lexus LS400, mai lita 4. Na san dalilinsa: ƙugi, da ƙarfin doki 250. Na ƙi. Bayan akori-kura ba shi da nauyi in babu kaya, irin wannan ƙarfi a kansa neman kai ne. Ga kuma litar mai ta haura naira 1,000 a wannan watan. Oga shi kuma injin Fijo 505 ya so, mai lita 2.2 da injekta, don ɗan gida ne, zai zauna ba tare da yanke-yanke da yawa ba. Shawara ce mai kyau, amma injin kansa ya doshi shekara 40, kayansa sai an tona.

Na tsaya a kan Toyota 2TR-FE, na Hilux da Hiace. Lita 2.7 ne, silinda huɗu, ƙarfin doki wajen 160, sarƙa ke juya masa lokaci ba bel ba. Tsohon injin Baba mai kabireto ko ranar da ya fito sabo bai kai doki 100 ba. Babban dalilina dai shi ne wannan: in ta lalace min a Saminaka ko a Funtuwa, duk bakaniken da ke gyara bas ɗin haya ya san cikinsa, kuma kayansa na nan a kowace kasuwa.

Oga ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, injin Fijo a kishingiɗe yake. Naka a tsaye. Za mu sha aiki." Gaskiyarsa. Peugeot sun kwantar da nasu gefe guda, digiri 45, shi ya sa bonet ɗin 504 ya yi ƙasa ya yi kyau haka.

Asabar, 26 ga Oktoba, 2024

Ba wuta a Arewa kusan mako guda. Walda ta tsaya. Mun kankare tsatsa da hannu.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 2024

Wuta ta dawo, an gama ɗinkin ƙarafan baya. Mai walda ya huda ƙarshen tsagewar da siririn bakin dirila don kada ta ci gaba da tafiya, ya feƙe ta ya cike, sannan ya ɗora faranti mai kaurin milimita 4 a kowane gefe. Na lura ya yanke farantin da baki mai tsini kamar kan kifi, ba murabba'i ba. Na tambaye shi, ya ce in ka yi walda a miƙe daga sama zuwa ƙasa ka zana wa ƙarfe layin da zai karye gobe. Bai yi makarantar injiniya ba, amma abin da ke cikin littattafansu ke nan.

Na je Kano na sayo inji a Kofar Ruwa, haɗe da giyarsa mai biyar, da wayoyinsa, da ƙwaƙwalwarsa wadda kanikawa ke kira birenbos. Ban yarda da cinikin biri a sama ba: sai da aka buɗe murfin sama na ga ba baƙin dasƙararren mai, aka cire fulogi huɗu na duba launinsu, aka auna matsin kowace silinda suka zo kusa da juna.

Asabar, 14 ga Disamba, 2024

Wannan shi ne watan da ya fi kowanne wahala zuwa yanzu. Sau shida muka saukar da injin cikin motar da sarƙa, sau shida muka fitar.

Karon farko kaskon baƙin mai ya zauna daram a kan ƙarfen da ya gitta ƙasa, wanda ke ɗauke da sitiyari. Bonet ya ƙi rufuwa da tazarar da hannu zai shige. Yaran gareji suka ce a yanke bonet a yi masa tozo, wai ma zai fi kyau. Na ce ko kusa. Tozo a kan 504 ɓata fuska ne, kuma na yi alkawari.

Saboda haka sai muka bi ta ƙasa da baya. An yanke bangon da ke tsakanin inji da direba aka tura shi ciki kaɗan, an faɗaɗa ramin giya, injin ya ja baya. Wannan ya zo da wata riba da ban yi lissafinta ba: nauyin ya matso tsakiyar mota maimakon ya rataya a hanci, ga shi kuwa gangar injin Toyota ta zubin baƙin ƙarfe ce, ba ta da sauƙi. Sannan aka yanke kaskon mai aka yi masa lungu inda ƙarfen zai wuce, aka faɗaɗa shi ta gefe don kada yawan man da yake ɗauka ya ragu, aka sake lanƙwasa bututun da ke zuƙo mai ya sauka daidai gindin. Mun cika kaskon da kananzir muka bar shi kwana biyu a kan takardar siminti. Kananzir ba ya rufa wa walda asiri. In akwai huda ko ta bakin allura ce sai ya fito. Ya fito a wuri ɗaya, aka sake.

Dabarar da ta fi burge ni ta Oga ce. Ya aiki yaro ya samo yumɓu, ya mulmula ƙwallaye biyar ya ɗora a wurare mafi tsayi na injin, ya rufe bonet a hankali, ya buɗe. Kaurin da kowane yumɓu ya rage shi ne tazarar da ke tsakani. Mafi ƙanƙanta ya ba mu kaurin yatsa guda da rabi. Inji yana rawa a kan robobinsa, amma Oga ya ce wannan ya isa.

Da bonet ya rufu, ƙarar nan tasa ta da, sai da na fita waje na ɗan tsaya ni kaɗai.

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Birki da ƙafafu. Na gaya wa Oga ba za a tayar da injin ba sai motar ta iya tsayawa.

A gaba mun sa faifan birki na 505 mai ramukan iska a tsakiya, da maƙallansa, da sabuwar tukunyar birki mai layi biyu, ta yadda in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe. Duk bututun ƙarfe da na roba sababbi ne, mai kuma DOT 4. Sitiyarin ma na 505 ne mai taimakon mai, an haɗa shi da famfon da ya zo a jikin injin Toyota. Wanda ya taɓa juya akori-kura cike da masara a cikin kasuwa ya san abin da wannan ke nufi ga kafaɗa.

A baya na cire aksul ɗin Peugeot, ba don ya lalace ba. An yi shi ne don jan kaya da ƙaramin inji, haƙoransa gajeru, kuma ban yarda zai daɗe a hannun sabon injin ba. Mun samo na tsohuwar Hilux a Panteka, aka yanke mazaunan sifirin aka mayar da su daidai faɗin namu. Fallen nan uku da aka ƙara mun cire biyu. Na ajiye tsohon aksul da tsohon inji a ɗakin ajiya na gida, na shafe su da mai na rufe. Ba zan sayar ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu, 2025

Ta ƙi tashi.

Rewaya ya kwashe kwana tara yana tsefe wayoyi, ya cire duk na abubuwan da motarmu ba ta da su. An sa famfon mai na lantarki a cikin tanki, domin kabireto da ɗan matsi kaɗan take aiki, injekta kuwa sai ya kai kamar iskar taya, geji 40 da ɗoriya. An dasa totur na Hilux, wanda ba shi da igiya ko ɗaya, saƙo kawai yake aika wa ƙwaƙwalwa. Aka murɗa makulli, inji yana juyawa lafiya lau, amma ko tari bai yi ba.

Da aka jona na'urar bincike sai ta nuna makullin tsaro ne. Ƙwaƙwalwar tana jiran ta ji ɗan ƙwayar da ke cikin makullin motar da aka ciro ta, in ba ta ji ba ba za ta saki mai ba. Wanda ya sayar min ya rantse cewa wannan ba ta da wannan tsarin. Na kira shi sau huɗu, ya ce shi inji ya sayar ba makulli ba. Abin ya yi min ciwo, domin da ya faɗa min gaskiya a ranar da na nemi cikakken saiti, ko da ƙarin kuɗi.

Duk mai shirin irin wannan aiki, ya karɓi ƙwaƙwalwa da makulli da zoben da ke karanta makullin a hannu ɗaya, daga mota ɗaya, kafin ya biya.

Asabar, 22 ga Fabrairu, 2025

Alhamdu lillahi. Ƙarfe 11 da minti 20 na safe ta tashi, bugu ɗaya. Na samo wani saitin cikakke ta hannun wani ɗan'uwa a Ladipo, Legas.

Ba girgiza, ba hayaƙi. Oga ya ɗora kofin shayinsa a kan inji, shayin bai zube ba. Mun bar ta tana aiki minti 40 muna kallon zafi. Lagireton na alminiyam ne mai layi uku da fanka ta lantarki, ta kama da kanta ta saki da kanta har sau uku. Na kira Baba na kara wayar kusa da salansa. Ya saurara, ya ce, "Wannan ba muryarta ba ce." Na ce haka ne, Baba. Ya ce, "Amma tana da lafiya. Allah ya sa albarka."

Asabar, 15 ga Maris, 2025

Azumi, aiki daga safe zuwa azahar kawai. An kai ta wajen fenti. Na hana a cika ta da bodi-fila. Duk inda ya lotsa sai an buga shi ya dawo. Fari na zaɓa, irin nata na asali mai ɗan ratsin madara, wanda muka samo samfurinsa a cikin murfin akwatin dashbod inda rana ba ta taɓa ba. Akwai wata lotsawa a ƙofar baya, inda wani bijimi ya taɓa tunkuya a kasuwar Giwa ina zaune a gaba ina ɗan shekara tara. Ita na ce a bari.

Asabar, 12 ga Afrilu, 2025

Fitar farko, hanyar Zariya, ni da Oga. Daga Kawo zuwa Maraban Jos ba abin da na ji sai daɗi. Tana ja tun daga ƙasa, ba sai an yi ta sauya giya ba, a giya ta biyar kuma injin kamar yana barci. Amma da allura ta kai 80 sai kujera ta fara kaɗawa, madubi ya dushe. A 95 ya lafa.

Oga bai ko sauka ba ya ce farfela ce, wato sandar da ke kai juyin giya zuwa aksul ɗin baya. Mun haɗa ta ne daga rabin Toyota aka rage tsawonta, kuma wanda ya yi aikin ya karɓi kuɗin daidaita nauyi bai yi ba. Mun kai wa wani, ya ɗora a injinsa ya nuna min yadda take rawa da idona. Ya sake yanka, ya miƙar, ya liƙa mata 'yan ƙarafa biyu. Oga kuma ya gano bakin aksul ya ɗaga sama fiye da kima, aka sa masa 'yar ƙaramar weji a ƙarƙashin sifirin ya dawo layi ɗaya da giya. Girgiza ta tafi.

Asabar, 17 ga Mayu, 2025

Abin da ya faru ranar Talata ya sa na rubuta wannan da nutsuwa.

An yi ruwa da la'asar, kwalta ta yi santsi da ƙurar rani da man da motoci suka zubar. Ina shan wani shatale-tale a giya ta biyu, bayan mota ba komai, na ɗan taka totur kamar yadda zan taka a ƙaramar motata. Bayan ya zame ya nufi waje. Na saki totur na mayar da sitiyari, ta dawo, Allah ya tsare ba kowa kusa. Na faka a gefe hannuna yana rawa. Abin da ya fara zuwa raina shi ne ɗan acaɓan da zai iya kasancewa a wurin.

Kwana uku muka yi a kan wannan. Tayoyin baya da na sa na kaya ne masu tauri, kuma falkanaiza ya cika su da iskar ɗaukar lodi, don haka ɗan tsakiyarsu kawai ke taɓa ƙasa. Na sauya su da masu laushi, na rubuta geji biyu a jikin ƙofa, na lodi da na wofi. Mun sa sababbin shokozoba masu gas. Mun kuma koma kan ɗan bawul ɗin da ke rage ƙarfin birkin baya in mota ba kaya, wanda kanikawa da yawa ke cirewa su yar don ba su san amfaninsa ba. Namu yana nan, amma tun da muka sauya aksul sandarsa ba ta zauna daidai ba. Mun je wani fili mai tsakuwa muna taka birki muna gyarawa, yaro yana tsugune yana kallon tayoyi, har sai da na gaba suka riƙa kamawa kafin na baya. Tayar safaya da akwatin kayan aiki na ƙarfe kuma na mayar da su can baya, kan aksul.

Na gode wa Allah da ban saurari maganar V8 ba.

Asabar, 31 ga Mayu, 2025

Takardu sun kammala, an shigar da sabuwar lambar inji, an duba lafiyarta. Fitilun gaba na bar su irin nata masu kusurwa, na sa musu rile don wuta ta zo kai tsaye daga batir. Haskensu ya ninka ba tare da na kashe wa mai tahowa ido ba. An sa bel ɗin kujera guda biyu. Kujerar kanta doguwar nan ce ta asali, an sake mata soso da fata ruwan ƙasa.

Alhamis, 5 ga Yuni, 2025

Jajibirin Babbar Sallah. Bayan asuba na kawo ta ƙofar gida na tsayar a gindin dalbejiyar. Baba ya zagaya ta sau biyu yana dogara sanda, ya shafa zakin da ke hancinta, ya tsaya a ƙofar baya ya sa yatsa cikin lotsawar bijimin. Bai ce komai ba. Ƙanena ya tallafa masa ya hau gaba.

Mun je Zangon Tudun Wada muka ɗauko raguna huɗu, namu biyu da na maƙwabta biyu, da buhun dusa uku. Da nauyi ya hau sai ta zauna daidai, tafiyarta ta yi laushi. A hanyar dawowa Baba ya ce in ƙara wuta kaɗan. Na ƙara. Ya ce, "Taka birki in gani." Na duba madubi, na taka. Ta tsaya cak, a miƙe, raguna suka yi kuka a baya. Ya gyaɗa kai ya ce, "Bayan Sallah ka kai taki gona da ita."

Abin da ya rage: agogon gudu har yanzu ba ya aiki, don nata na igiya ne giyar Toyota kuwa da lantarki take magana, robar gilashin ƙofar hagu tana shigar da ruwa, salansa tana taɓa ƙarfe in an hau tudu. Buhu 12 na taki na jira a shago. Ranar Talata za mu loda, mu kama hanyar Saminaka.